Wa Ya Rasu a Takardar Malam

Mu goma sha uku ne a wasan, idan an haɗa da 'yata, wadda a lokacin watanta biyar. Ba don na iya komai aka saka ni ba. Jinjira suke nema, ni kuma biyo ta na yi.

Ƙanwar mijina ce ta kawo maganar. Tana karatu a poli, kuma tana cikin wata ƙungiyar wasan kwaikwayo da wani malamin firamare ya haɗa a unguwarmu. Ta ce fim za su yi na gida guda, babban gida mai kaka da 'ya'ya da surukai da maƙwabta, a ɗauka a riƙa turawa a waya. Sun samu kowa, saura mai kwanciya a goyo. Sau biyu ina cewa a'a. A na uku sai ta bi ta wajen yayanta, shi kuma ya ce ba laifi, tunda da rana ne, kuma a gidan da ke bayan namu za a yi, amma sai dai ina wurin. Shi ya sa aka ƙago mini gurbi, aka mai da ni maƙwabciya mai tsintar shinkafa a gindin mangwaro. Maganata ɗaya ce tak a fim ɗin, in ce sannunku da gida. Sauran aikina zama ne da faifai a cinya.

Gara in faɗi dalilin a'ar da na yi ta yi. Wannan haihuwata ta biyu ce. Na farin namiji ne, wata huɗu ya yi a duniya. Zazzaɓi ne na kwana uku, ana ta cewa haƙori ne, ana ta cewa a jira gobe. Ranar da muka tashi kai shi asibiti, a cikin keke napep ya cika, a hannuna, ba mu ma wuce kwanar kasuwa ba. Tun daga nan ba na barin kowa ya ɗauki ta biyun ya wuce inda idona yake kaiwa. Ina taɓa goshinta fiye da yadda nake taɓa tukunyata. Idan ta daɗe tana barci sai na sa yatsa a bakin hancinta.

Malam, wato mai shirya wasan, yana da wata ɗabi'a. Labarin gaba ɗaya yana cikin wani littafin rubutu mai jan bango da ba ya rabuwa da aljihunsa, kuma ba ya nuna wa kowa. Sai dai ya kwafe wa kowa nasa maganganun a takarda daban, ya miƙa masa. Ya ce a wasansa na baya da ya ba kowa labarin, mutum uku sun gudu don sun ga an ba wasu magana fiye da su. Saboda haka yanzu kowa ya san bakinsa kawai. Yakan ce wasan nan ba shi da jarumi, gidan ne jarumi, idan mutum ɗaya ya fita gidan ya rushe. Da farko na ɗauka daɗin baki ne. Daga baya na gane gaskiya ce, kuma ita ce wahalarmu.

Domin haɗa mutum goma sha biyu a tsakar gida ɗaya, a Mubi, a tsakiyar damina, ba ƙaramin aiki ba ne. Akwai manomi daga Bahuli, wanda idan aka yi ruwa ba ka ganinsa sai ya gama noma. Akwai mai fatauci zuwa Belel, idan ya tafi sai hanya ta ga dama ta dawo da shi. Akwai direban keke da ke ajiye kekensa a ƙofar gida, kunnensa ɗaya yana wajen fasinja. 'Yan poli suna da jarrabawa. Dattijon da ke fitowa a kakan gida, wanda kowa ke kira Bappa, dillalin shanu ne, ranar tike, wato kasuwar shanu, ko da sarƙa ba ka riƙe shi. Sai mu taru mu tara, mu zauna daga hantsi har la'asar muna jiran uku, a ƙarshe hadari ya taso a ce a watse. Wata rana mun cika cif, sai batirin kyamara ya mutu.

Kuma dole kowa ya dawo da kayan da ya sa ranar farko, don a cikin labarin kwana uku ne kacal. Atamfata shuɗiya ta koɗe a gindin mangwaron nan. Shinkafar da nake tsincewa na tsince ta har babu sauran tsakuwa, sai na riƙa zuba tsakuwar da kaina don hannuna ya samu abin yi. 'Yata kuwa ba ta san da wannan doka ba. Rigarta ta fara matse ta, sai da na farke gefe na ƙara ƙyalle. Ta fara zama da kanta, alhali a fim kwance take.

Labarin kuwa a hankali na tsinto shi, kamar shinkafar, daga bakin wannan da bakin wancan. Jinjirar gidan ce ba ta da lafiya, kowa kuma da ra'ayinsa. Wata surukar gidan tana cewa a dafa saiwa, uban yana cewa a jira ya dawo daga kasuwa, ƙanen yana cewa a sayo magani a kemis, kakan yana zaune a tabarma yana tari, ba mai tambayarsa. Ba wanda ya taɓa shiga gidanmu a cikin kwanakin nan uku na ɗana, amma ga su suna faɗin maganganunmu kusan kalma da kalma. Ranar da na gane haka na koma gida ban iya cin tuwo ba. Na tambayi ƙanwar mijina yadda zai ƙare. Ta ce takardarta ba ta kai ƙarshe ba, amma ai a fili yake, za a kai ta asibiti ta warke, shi ne darasin. Na karɓi wannan.

Wadda ke fitowa a uwar jinjirar mai kitso ce, 'yar wajen Michika, muna kiranta Anti. Ita ke yi mini kitso tun ina amarya. Tana da hannu mai taushi, kuma 'yata ta yarda da ita. Duk da haka, duk lokacin da Malam ya ce akshin, ta goya 'yata ta zagaya tsakar gida, ni idona ba ya kan faifai. Sau nawa aka tsayar da ɗauka ana cewa maƙwabciya ta daina leƙe.

Wata Asabar muna zaman jira, direban keke ya zauna a kan turmi kusa da ni yana haddace takardarsa. Karatunsa irin nawa ne, sai ya bi da yatsa. Na ji yana maimaitawa a hankali:

"Ya rasu tun da hantsi. Ba mu kai asibiti ba."

Hannuna ya tsaya a cikin shinkafa. Na tambaye shi wa ya rasu. Ya juya takardar gaba da baya, ya ce shi ma bai sani ba, abin da aka rubuta masa ke nan, zai shigo ne ya faɗa wa mai fataucin Belel a zaure.

A nan ne na yi wa kaina abin da na yi. Na ce a raina, ya rasu aka ce, ba ta rasu ba. 'Yata mace ce. Namiji mara lafiya a gidan nan ɗaya ne, Bappa mai tari. Na dube shi yana gyangyaɗi a tabarmarsa, na ji wani sanyi ya sauka mini, har na ji kunyar sanyin.

Amma ni haifaffiyar Mubi ce. Kakanmu ne ya zo daga ƙasar Katsina da sana'ar dukanci, mahaifiyata kuma har ta rasu ba ta yarda mu ce wa mace ya ba, sai ta murɗe mana kunne. A waje kuwa tun ina yarinya abin da nake ji shi ne matata ya tafi kasuwa, yarinyar nan ya yi kyau. Bafillace haka, Bagude haka, mutanen Michika haka, ba wanda ya ɗauke shi kuskure, magana ce kawai. A tsakar gidan nan ma kullum ana cewa jinjirin ya yi kuka, a ɗauke shi. Malam da kansa haka yake magana, kuma yadda yake magana haka yake rubutu. Duk na san wannan. Kunne biyu gare ni, na gida da na waje, sai na zaɓi in ji da na mahaifiyata, don shi ne zai bar ni in yi barci.

Sati uku na yi a haka. Na ga Anti tana shiga bayan ɗaki tana gwada kuka, ta fito ido jawur tana tambayar 'yan mata ko ya yi. Na ce a raina tana son surukinta ke nan. Ban tambaye ta ba. Ban tambayi Malam ba, alhali kullum yana wucewa ta gabana da littafin a aljihu.

Ranar fitowar ƙarshe kowa ya zo. Ban taɓa ganin haka ba. Na Bahuli ya bar gyaɗarsa cikin ciyawa, na Belel ya bar motar safe ta tafi ba shi, Bappa ya zo da sabuwar hula aka ce ya cire ya mai da tsohuwar. Sama ta yi fes. Har ana raha, ana cewa yau dai za mu rabu da juna mu huta. Malam ya jera mutane, maza a bakin zaure, mata a ƙofar ɗaki. Ni ina gindin mangwaro, 'yata a cinyata tana jan gefen faifai.

Sai na ga ɗaya daga 'yan poli ta fito da farin ƙyalle a ninke. Ta warware shi ta kakkaɓe. Bai kai tsawon hannuna ba. Na dubi Bappa, dogon mutum ne, ko ƙafarsa ɗaya ƙyallen nan ba zai rufe ba.

Malam ya ƙaraso wurina yana duba agogo.

"Maman bebi, ki ba shi nono ya yi barci. Barci mai nauyi muke so."

Na ce don me. Ya ce ba wani abu ba ne, za a kwantar da ita a kan katifa, a ja ƙyallen zuwa fuska, kafin in ƙirga goma an gama. Ba za a naɗe ta ba, ba za a fita da ita ba. Yana faɗa yana murmushi, irin na mai lallashin ɗalibi.

Ban san lokacin da na goya ta ba. Shinkafar ta zube, na ji ƙararta a ƙasa. Na ɗaure zanen da ƙarfi har ta yi ƙara, na ce ba za a yi ba.

Ba wanda ya yi mini tsawa, kuma da tsawar aka yi da ya fi mini sauƙi. Kowa dai ya juyo. Ƙanwar mijina ta matso tana cewa Adda, wasa ne fa, ki rufa mini asiri. Wani ya ce a naɗe filo a ƙyallen, ba sai an sa yarinyar ba. Malam ya yi saurin yarda da wannan. Na ce filo ko ba filo ba, fuskar wa aka nuna tun daga farko? Duk wanda ya kalla a Mubi ya san 'yar wace ce. Za a zauna a shaguna da ɗakuna a ce Allah ya jiƙanta, a ce Allah ya sa mai ceto ce, ita kuma tana nan a bayana tana numfashi. An taɓa faɗa mini waɗannan kalmomi. Ba zan zauna da faifai a gindin itace a sake faɗa mini su ba, ko da wasa.

Ban yi niyyar faɗin na ƙarshen ba. Da yawansu ba su sani ba, tunda a wata unguwa muke a lokacin. Na ga na Bahuli ya sunkuyar da kai.

Malam ya cire tabarau ya goge. Muryarsa ta sauka. Ya ce ya yi mini ta'aziyya, bai sani ba. Sannan ya ce, amma ai saboda irin abin da ya same ni ya rubuta wasan. Idan jinjirar ta warke, mutane za su kalla su yi dariyar surukar mai saiwa su wuce, gobe kuma su ce a jira jibi. Sai an ga ƙyallen nan wata uwa za ta tashi ta tari keke tun ranar farko. Ya ce mutum goma sha ɗaya sun bar aikinsu wata biyu don wannan fitowa guda.

Gaskiya ya faɗa, kuma na fi shi sanin gaskiya ce. Da wani ya nuna mini irin wannan fim kafin ranar, wataƙila da yanzu 'ya'yana biyu. Na tsaya kawai ina jijjiga ta, ina kallon shinkafa a ƙasa kaji sun fara taruwa. Abin da na sani shi ne ba zan kwance goyon ba.

Bappa ne ya yi gyaran murya, ba irin tarin da ake sa shi yi ba. Tun farkon wasan yake tsokanar 'yata, yana kiranta amaryarsa kamar yadda kakanni ke yi, yana cewa ta ƙi shi don ba shi da haƙora, ita ma ba ta da su. Ya ce wa Malam ya buɗe jan littafin ya karanta masa abin da mai keke zai faɗa. Malam ya ce ai an sani. Bappa ya ce shi dai a karanta. Aka karanta.

"To," in ji Bappa. "Ya rasu. Ba ka rubuta suna ba. Ni ne."

Wani ya yi dariya ya haɗiye. Malam ya fara bayanin cewa labarin ba na kaka ba ne.

"Wata biyu ka zaunar da ni a tabarma ina tari, ko ruwa ba wanda ya ba ni a labarin naka. Ni ma ba a kai ni asibiti ba. Ka kashe ni in koma tike. Amaryata ba zai riga ni ba."

Aka daɗe ana ja. Ba zan iya kawo duk abin da aka faɗa ba, kuma rana tana tafiya, inuwar mangwaro ta bar inda kyamara take so. Na Belel ya ce shi dai a yi ko wanne ne, ba zai sake barin mota ba. Wannan ne ya yanke, ba hujjar kowa ba. Malam ya zauna a kan turmi ya soke layi biyu ya rubuta uku, fuskarsa kamar an aiko masa da mugun labari. Aka shiga maƙwabta aka aro farin zanen gado. Bappa ya miƙe a tabarma, aka rufe shi, yana magana daga ƙasan zanen wai a yi sauri akwai zafi. Mai keke ya shigo ya faɗi maganarsa yadda ya haddace ta, ba a canza ko harafi ba.

Anti ce ba ta yafe mini ba. A wasan da kowa ke da ɗan gurbinsa, wannan fitowar ita ce tata, ita kaɗai. Sauran duk goyo ne da shiru. An ce ta yi kukan a kan Bappa, ta yi, amma a gefe, bayan 'ya'yansa na cikin labari, don suruka ba ta shiga gaban 'ya'ya. Da aka gama ta zo ta miƙo mini hular 'yata da ta rage a hannunta.

"Wata biyu ina koyon kukan nan," ta ce. "Kukan uwa na koya."

Ta juya ta tafi. Har yau muna gaisawa, amma kitso sai na hau keke zuwa wata unguwa, wurin wata mai jan gashi kamar tana cire ciyawa.

Fim ɗin ya fito bayan kaka. Na kalla a wayar mijina, yarinyar tana rarrafe tana son ƙwacewa. Na ga kaina a can baya, kai a sunkuye, ido a gefe. Waɗanda suka kalla sun ce ya yi kyau amma ƙarshen a karkace yake, ana ta jinyar jinjira sai ga tsoho ya mutu. Wasu sun ce ai haka rayuwa take. Ƙanwar mijina ta ce Malam ba ya son a yi masa maganar, kuma a sabon wasan da yake shiryawa babu yaro ko ɗaya. Nakan yi tunanin uwar nan da ya ce za ta tari keke tun ranar farko. Ban san ko akwai ta ba, ban san ko na hana ta gani ba. Idan tunanin ya zo sai in tashi in nemi aikin yi.

Na ɗauka idan an gama zan huta. Sai ga shi na ƙara mutum ɗaya a cikin waɗanda nake tsoro a kansu. Ni na ƙi a rufe tawa, aka rufe uban wasu. Yana da 'ya'ya da jikoki, su ma sun kalla, su ma an yi musu barkwancin Allah ya jiƙan Bappa a kasuwa. Yanzu idan zan je awo sai na zagaya ta layinsu, ko da ya fi nisa, don in ga ko yana kan bencinsa a ƙofar gida. Idan ban gan shi ba sai na tsaya na tambayi mai shagon kusa, a ce mini yana tike, sannan in wuce. Ranar da na ji ya yi tari na gaske, na dafa kunun gyaɗa na kai masa, na tsaya a kansa har sai da ya yi alkawarin zuwa a duba shi.

Ya gane abin da nake yi. Jiya da muka bi, 'yata tana tafe da ƙafarta tana riƙe da gefen zanena, ya hango mu tun daga nesa ya ɗaga sandarsa.

"Ina nan, 'yata, ban tafi ba. Kawo amaryata ya gaishe ni."

Na sake ta ta tafi wurinsa da 'yar tafiyarta. Ya ɗora ta a gwiwa. Ni kuma na tsaya da kwano a hannu, ina sauraron ƙirjinsa ta cikin dariyar da yake yi mata.